Waƙoƙi biyar sun isa a gane gwanayen murya

Malam marubuci, na karanta rahotonka a kan ƙungiyar mawaƙa mata ta FLO ta birnin Landan, amma ban yarda da inda ka ce gajeren faifai bai isa a auna mawaƙa da shi ba. The Lead, gajeren faifan da 'yan ƙungiyar uku, Jorja Douglas da Stella Quaresma da Renée Downer, suka fitar a watan Yulin 2022 a ƙarƙashin kamfanin Island Records, waƙoƙi biyar kacal ya ƙunsa a fitowarsa ta farko, duk da haka mai kunnen sauraron salon waƙar R&B zai gane tun daga waƙar farko cewa 'yan matan nan sun san aikinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke raba baiti a tsakaninsu: ɗaya ta ɗauko, ta biyu ta karɓe tun kafin numfashin ta farko ya ƙare, sannan a wurin amshi muryoyin uku su haɗu, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, ba tare da wata ta danne 'yar'uwarta ba. Irin wannan haɗin murya sai da doguwar bita, na'urar gyaran sauti ba ta samar da shi, kuma shi ne ya ɗaga ƙungiyoyin mata na Amurka irin su Destiny's Child.

Masana harkar a Birtaniya ma ba su jira cikakken kundi ba. FLO ce ƙungiya ta farko da ta lashe kyautar BRIT (kyautar waƙa ta Birtaniya) ta mawaƙa masu tasowa, wato ta shekarar 2023, ta kuma zo ta ɗaya a zaɓen BBC na sababbin muryoyin waccan shekarar, alhali cikakken kundinsu bai fito ba sai a Nuwamban 2024.