Sana'a ba ta koyuwa a kan allo

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da sabuwar manhajar karatu a 2025 ake cika mana kunne da sana'o'i shida da 'yan sakandare za su riƙa zaɓa: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Minista Tunji Alausa da ƙaramar minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad sun sha yabo, har wasu na cewa zaman kashe wando ya zo ƙarshe. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda masu murnar ke yi kamar yau aka fara.

Tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku-uku a ƙaramar da babbar sakandare, huɗu a jami'a) da aka soma a farkon shekarun 1980 da wannan alkawari ya zo. Aka shigo da injunan koyon fasaha daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu, don babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. A 2011 hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta sake zuwa da sana'o'i 34 a babbar sakandare, WAEC ta fara jarraba ɗalibai a kansu a 2014. Me ya biyo baya? Shugabannin makarantu suka tsinci darussan da alli da allo kaɗai suka ishe su, irin su tallata haja da sarrafa bayanai. Yaro ya haddace littafi, ya ci jarrabawa da sakamako mai kyau, alhali hannunsa bai iya komai ba.

Yanzu an rage 34 zuwa 6, wai an yi gyara. To wa zai koyar da haɗa sola? Malamin kimiyyar da shi kansa bai taɓa ɗora farantin sola a kan rufi ba? Ajin da ke da ɗalibai fiye da ɗari, keken ɗinki nawa za a ba shi? Masu tunanin cewa rubuta abu a manhaja daidai yake da koyar da shi su ne suka kashe yunƙurin farko da na biyu, kuma ra'ayinsu ne ke jan na ukun. Su kuwa masu cewa sana'a za ta ɗauke hankalin yaro daga neman jami'a, su fara lissafa masu digirin da ke tuƙa adaidaita sahu a garinsu.

Abin takaicin, malaman sana'ar muna da su. Suna Panteka a Kaduna, inda ake narka ƙarfe a ƙera inji. Suna Farm Centre a Kano, inda matashi ke kwance waya ya mayar da ita cikin minti kaɗan. Suna shagon kowace tela da ke yaye 'yan mata a cikin unguwa. A Jamus, mai koyon sana'a kan yi kwana 3 ko 4 na mako a wurin aiki, sauran a makaranta, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin faɗuwa. Mu a nan mun raba hanya biyu: yaron gareji ya iya aiki amma ya bar karatu, ɗan makaranta ya sami takarda amma ba a kiransa ko canjin soket.

Ba kuma za a ce babu hanya ba. Farfesa Idris Bugaje ya ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka tun yana shugabancin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha kuma tana da tsarin ba mai sana'a shaidar ƙwarewa. Abin da ke hana a haɗa wannan da sakandare, a ganina, raini ne. Ɗan boko ba ya son a ce ogan da ba shi da NCE ne zai ba ɗalibi maki. Sannan sayen injuna yana da kwangila, tura yara wajen oga kuwa babu abin da zai faɗo wa kowa a aljihu. Wannan cin amanar 'ya'yan talakawa ne, domin su ne ke zaune a makarantun gwamnati.

A ware wa 'yan SS1 zuwa SS3 kwana biyu a mako su je wajen ogan da aka tantance, a biya shi haƙƙinsa. Ranar jarrabawa a miƙa wa ɗalibi wayar da ta lalace, ko yadi da almakashi, a tsaya a ga abin da zai yi.