Lee Yong-dae gwani ne, amma ku gyara maganar zinaren

Rahoton da kuka yi a kan ɗan wasan nan ya yi kyau, sai dai inda kuka rubuta cewa Lee Yong-dae na Koriya ta Kudu "ya lashe komai" a wasan badmintin na maza bibbiyu, a nan kun zarce. Zinaren da ya ci a gasar Olamfik ta Beijing a 2008 na wasan namiji da mace ne, shi da Lee Hyo-jung, yana ɗan shekara 19. A ɓangaren maza kuwa tagulla ya samu a Olamfik ta Landan 2012 tare da Jung Jae-sung.

Gasar duniya ma ta ƙi shi ƙiri-ƙiri. Sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe na maza, a 2007 da 2009 da 2014, duka azurfa ya kwaso. Na 2014 ya fi ciwo, don 'yan ƙasarsu ne, Ko Sung-hyun da Shin Baek-cheol, suka doke shi da Yoo Yeon-seong a Copenhagen. Sai Olamfik ta Rio 2016: shi da Yoo sun je su ne na ɗaya a duniya, 'yan Malesiya Goh V Shem da Tan Wee Kiong suka yi waje da su tun zagayen kwata-fainal.

Ba rage masa daraja nake yi ba fa. Wajen tare duka da wasan bakin raga, a ganina samun irinsa sai an tona. Amma me ya sa ko sunan Jung ba ku ambata ba? Shi ne mai sauke duka daga baya, tare suka ci All England, babbar gasar badmintin da ake yi a Ingila, a 2008 da 2012, kuma ya mutu a 2018 yana da shekara 35 kacal.