Ɗan sandan da ya kau da kai shi ya kamata kyamara ta bi

Akwai salon da masu shirya finafinan 'yan sanda suka maƙale wa shekara da shekaru. A kawo jami'i guda mai faɗa a ji, wanda ya ƙware a cin hanci, yana kwashe kuɗin dillalan ƙwaya, yana ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba. Sai a haɗa shi aiki da sabon ɗauka mai gaskiya. A yi ta kai ruwa rana, daga bisani harsashi ya sami mugun, 'yan kallo su watse zuciya fes. Wannan ƙarshen ne ke damuna, domin yana nuna wai ruɓaɓɓe ɗaya ne, da an cire shi ofis ya tsarkaka.

Tarihi bai yarda da haka ba. A 1970 magajin garin New York, John Lindsay, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Whitman Knapp, bayan jaridar New York Times ta fallasa yadda rashawa ta yi wa rundunar birnin katutu. Rahoton kwamitin na 1972 ya kasa masu laifin gida biyu. Akwai masu cin nama, waɗanda ke fita farautar kuɗi da ƙarfin kaki, kuma ba su da yawa. Akwai masu cin ciyawa, waɗanda ba sa nema, amma in an miƙo ba sa mayarwa. Kwamitin ya ce na biyun nan su ne tushen matsalar, domin yawansu ya sa karɓar na goro ta daina zama abin kunya, kuma shirunsu ne ke rufa wa na farkon asiri.

To, a nan rikicin zuci yake. Mugun da ya riga ya sayar da imaninsa ba ya kokawa da komai. Wanda ke kokawa shi ne jami'in da aka ajiye wa ambulan a kan tebur ƙarshen wata, ya san daga gidajen caca aka tattaro kuɗin, ya kuma san in ya ƙi karɓa abokan aikinsa za su daina yarda da shi. Gobe su ne za su tsaya a bayansa idan ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗan bindiga. Yana da iyali. Bai taɓa dukan kowa ba. Ya zura ambulan a aljihu, ya ce wa kansa ai ba shi ya roƙa ba. Minti biyu na fuskar wannan mutum sun fi mini rabin sa'a na harbe-harbe da tseren motoci.

Shi ya sa fim ɗin da Sidney Lumet ya yi a 1973 kan rayuwar Frank Serpico, wani ɗan sandan New York, bai tsufa ba. Serpico ya ƙi karɓa, ya kai ƙara wurin manya aka yi ta yi masa hanya-hanya, sai ya nufi jarida. A Fabrairun 1971 aka harbe shi a fuska yayin wani samame kan masu sayar da ƙwaya a Brooklyn, ya rayu, ya ba da shaida gaban kwamitin Knapp, sannan ya ajiye aiki a 1972 ya bar ƙasar. Abin tsoro a labarinsa shi ne ɗaki cike da mutane da suka yi tsit da ya shigo.

Masu fim za su ce mugu mai kwarjini shi ke cika gidan kallo, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai idan aka ba azzalumi kalamai mafi daɗi da mota mafi kyau, matashi zai fita yana kwaikwayon tafiyarsa, wanda aka ƙulle bisa ƙarya kuwa ko sunansa ba a tunawa. Wasu kuma na cewa irin waɗannan finafinai suna zubar da mutuncin 'yan sanda. Ban yarda ba. Jami'i mai gaskiya ya fi kowa cutuwa da abokin aiki maciyin hanci, shi ake zagi a titi kan abin da bai ci ba.

Akwai kuma mutumin da kusan kullum ake bari a bayan fage, wato oga. Shekara ashirin bayan Knapp, a 1992, sai da New York ta sake kafa wani kwamitin ƙarƙashin Milton Mollen. Rahotonsa na 1994 ya gano cewa shugabannin rundunar sun fi tsoron sunansu ya ɓaci a jarida fiye da ɓarnar kanta, don haka suka riƙa runtse ido da gangan. Wannan ogan da ke karanta takardar ƙorafi ya jefa ta cikin durowa, ya kira mai ƙorafin ya ba shi shawarar ya yi haƙuri saboda ƙarin girmansa, shi nake so marubuta su zaunar a tsakiyar labari, su ba shi suna da gida da 'ya'ya, su bar mu mu ji dalilan da yake ba kansa.