Dokar tsafta da aka damƙa wa masu gidan haya

Masu cewa doka ce ta tsabtace biranen Ingila a zamanin Sarauniya Victoria su ƙara duba tarihin. Dokoki an yi su da yawa. Abin da ya ɗauki shekaru shi ne samun wanda zai zartar da su.

A 1842 Edwin Chadwick, wani jami'in gwamnati, ya fitar da rahoto mai nuna cewa matsakaicin shekarun mutuwa a iyalan leburori a Manchesta 17 ne, a Libaful 15, alhali a karkarar Rutland 38. Talakawan Libaful na kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi, ko a gidajen da aka gina baya-da-baya, bango uku a toshe, iska ba ta ratsawa, gidaje da yawa na amfani da masai ɗaya a tsakar lungu. Garin ya samo dokarsa ta tsafta a 1846, ya naɗa Dakta William Duncan jami'in lafiya a 1847, na farko a ƙasar.

Dokar lafiyar jama'a ta 1848 kuwa zaɓi ta bayar. Gari zai kafa hukumar lafiya idan kashi ɗaya cikin goma na masu biyan harajin gida suka nema, ko a tilasta masa idan mace-mace suka haura 23 cikin dubu a shekara. To su wa ke biyan harajin, su wa ke zama kansiloli? Sau da yawa masu gidajen hayan ne da 'yan kasuwa. Duba-garin da zai rubuta wa mai gida takardar gargaɗi ya san wanda ke biyansa albashi, ya kuma san wanda zai iya korarsa. An ba kura ajiyar nama.

Haka ta faru da wuraren sana'a. Dokar 1867 ta damƙa sa ido kan ƙananan masana'antu ga hukumomin gari, yawancinsu suka yi biris, sai a 1871 aka karɓe aikin aka miƙa wa sufetocin gwamnatin tsakiya.

Inda na fi ganin darasi shi ne rusau. Dokar Torrens ta 1868 ta ba da ikon tilasta gyara ko rushe gida ɗai-ɗai. Dokar Cross ta 1875 ta ba da ikon share unguwa ɗungurungum, amma da diyya bisa darajar kasuwa. Darajar gida tana bin kuɗin hayarsa, kuɗin hayar kuma yana ƙaruwa da yawan mutanen da aka cusa a ciki. Ke nan wanda ya fi cunkusa jama'a shi ya fi cin diyya. A Birmingham, magajin garin Joseph Chamberlain ya rushe unguwannin talakawa ya shimfiɗa titin Corporation Street mai manyan kantuna, waɗanda aka tasa suka ƙara cika lungunan maƙwabta.

Abin da ya yi aiki shi ne ƙa'ida mai awo, wadda sufeto zai gwada da ma'auni ba gardama. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa dole tsayinsa ya kai ƙafa 7, ƙafa 3 daga ciki a saman titi. Dokar lafiyar jama'a ta 1875 ta wajabta wa hukumomin gari jami'in lafiya da duba-gari, samfurin ƙa'idojin gini na 1877 kuma ya sa faɗin sabon titi ƙafa 36, da fili a bayan kowane gida. Duk da haka Leeds ta ci gaba da gina gidaje baya-da-baya har shekarun 1930, bayan an haramta su a 1909, domin dokar ta ƙyale titunan da aka riga aka amince da taswirarsu.