Shata ma a zamaninsa sabon salo ya kawo

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk majalisar da aka taɓo hirar waƙa a nan Daura, sai an samu dattijon da zai ce yaran yanzu sun lalata waƙar Hausa da fiyano, a koma irin ta gargajiya kamar ta Shata. Iyayenmu ne, ina ganin girmansu, kuma na san kishi ne yake sa su faɗi haka. Amma abin da muke kira gargajiya yau, a lokacinsa baƙon abu ne da wani ya yi ƙarfin halin farawa.

An haifi Mamman Shata a Musawa a 1923, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba ko kaɗan, domin a wurinsa roƙo ce. A wancan zamanin kowane kiɗa yana da gidansa. Kotso da taushi na fada ne, irin wanda su Narambaɗa suka yi wa sarakai. Dundufa ta maƙera ce. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali. Shata ya ɗauki wannan kalangun da manya ba su ɗauke shi a bakin komai ba, ya shiga da shi gaban sarki, ya fito ya yi wa direba da soja da ɗan kasuwa da manomi. Bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Ga shi ba ya zama ya tsara baiti, a tsaye yake ƙirƙira, 'yan amshi suna karɓa. Da mutanen Amurka suka sauka a kan wata a 1969, sai da ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ku gaya mini, wane makaɗi ne kafinsa ya kai kalangu har can? Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma da ya rasu a watan Yunin 1999 a garin nan aka binne shi, a ƙasar Sarki Muhammadu Bashar da ya daɗe yana yi wa waƙa. Allah Ya ji ƙansu duka.

Wadda nake ganin ba mu ba ta haƙƙinta ba ita ce Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa. Kiɗan amada abin cikin gida ne, ƙwarya a kife, mata su buga a biki ko suna, maza ba su ma san me ake faɗa ba. Ba ita ta ƙirƙire shi ba, amma ita ce ta fito da shi fili har ya cika gidajen rediyo da kaset. Kuma ta faɗi abin da mata ke faɗa a tsakaninsu: zafin kishiya, wahalar haihuwa, da cewa mace ta tashi ta nemi sana'a kada ta zauna jiran hannun miji. Ta sha surutu a kan haka. Ta rasu a 2013, kuma har yau duk mawaƙiyar da ta riƙe makirfo a gidan biki a kan hanyar da ta share take tafiya. Haka Ɗanmaraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, babu 'yan amshi, yana yi wa ɗan adam da karen mota waƙa.

Da fiyanon Yamaha ta shigo situdiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990, masu waƙoƙin fim suka haifar da nanaye. Shi ma sabon sauti ne, kuma shi ya buɗe wa matasa da yawa ƙofar cin abinci. A 2020, lokacin kullen korona, Jaruma ta Hamisu Breaker ta shiga kusan kowane gida.

To, ina damuwata take? A kwaikwayo take. Yau waƙa ɗaya za ta yi tashe, kafin wata ya zagayo an yi mata 'yan uwa barkatai, kiɗa ɗaya, murya ɗaya da na'ura ta goge, har ba ka iya bambance wane da wane. Da kalangun Shata ya tashi ka san shi ne tun kafin ya buɗe baki.

Shi ya sa nake roƙon 'yan uwana masu situdiyo a Katsina da Daura da Funtuwa. Masu kalangu da gurmi da kukuma suna nan a ƙauyukanmu, da yawansu sun manyanta, 'ya'yansu kuma ba su koya ba. Ku kira su situdiyo, ku biya su haƙƙinsu, ku ɗauki sautin hannunsu ku haɗa da fiyanonku, kuma ku rubuta sunayensu a jikin waƙar.