Rawa a ofis: gangar noma ba ta zuwa gona babu tuwo

A farkon watan Oktoban kowace shekara, idan makon karrama abokan hulɗa ya zagayo, bidiyo kusan iri ɗaya ke cika mana waya. Ma'aikatan bankuna da na kamfanonin sadarwa sun yi anko, sun jeru a harabar ofis, kiɗa na tashi, manaja na gaba yana taka rawa. Yanzu abin ya wuce na mako guda. Akwai wuraren aikin da ke ɗauko mai koyar da rawa musamman, a ware masa rabin awa a mako, da sunan rage wa ma'aikata gajiya da damuwa da kuma haɗa kawunansu.

Ƙanwata tana aiki a wani kamfani mai zaman kansa. Wata rana da daddare ta kira ni, muryarta babu daɗi. Ta ce, "Yaya, an ce gobe kowa ya fito rawa, za a ɗauki bidiyo a sa a shafin kamfani. Ni ban iya ba, ko da ma na iya, dangin mijina duk suna Facebook." Na tambaye ta ko dole ne. Ta ce, "Ba a ce dole ba. Amma oga ya ce a nan zai gane waɗanda ba su da haɗin kai." Washegari ta laɓe a sahun baya, ta ɗan motsa kafaɗa har aka gama. Aikin da ta bari a kan tebur kuwa yana nan yana jiranta, sai bayan isha'i ta isa gida.

Ba na cikin masu cewa rawa a wurin aiki shiririta ce ko kwaikwayon Turawa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san kiɗa da aiki tsofaffin abokai ne. Idan manomi ya kira gayya, samarin gari su taru a gonarsa, makaɗin gangar noma yana biye da su kunya bayan kunya. Garma ashirin ta sauka lokaci ɗaya, ta tashi lokaci ɗaya. Wanda ya fara sanyi, makaɗi ya matso kusa da shi, ya ambaci sunansa da na ubansa, ya yi masa kirari, sai ka ga ƙarfi ya dawo masa kamar yanzu ya iso. Gonar da mutum ɗaya zai yi kwana goma yana fama da ita, kafin la'asar an tashi. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa. A cikin gida ma haka abin yake: mata biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe, ko a taru a yi wa amarya daɓen ɗaki ana waƙa, madaɓi na sauka bisa amon waƙar. Babu wanda ya karantar da iyayenmu wannan a aji. Jikinsu ne ya gaya masu cewa aiki mai nauyi yana sauƙi idan ana motsi tare.

Masu bincike sun zo daga baya sun auna abin. A shekarar 2015 wasu masana daga Jami'ar Oxford, cikinsu har da Bronwyn Tarr da Robin Dunbar, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da 'yan makarantar sakandare a Birazil. Wasu rukuni sun yi rawa suna motsi iri ɗaya a lokaci ɗaya, wasu kuma kowa da nasa salon. Aka ɗaura wa kowa abin awon hawan jini a damtse ana hura masa iska, don a ga iya matsin da zai jure kafin rawar da bayanta. Waɗanda suka yi motsi tare, da waɗanda suka motsa jiki sosai, sun fi jure zafi bayan rawar, kuma sun ce sun fi jin kusanci da abokan rawarsu. Masanan sun danganta hakan da sinadarin indofin da jiki ke saki, wanda ke rage raɗaɗi ya kuma sa nishaɗi. Duk wanda ya yi sansanin bautar ƙasa ya taɓa jin wannan: gudun asuba ana waƙa, mutumin da jiya ba ka san sunansa ba yau kuna tafe kafaɗa da kafaɗa.

Ga kuma zancen lafiya zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ma'aikacin da ke fita gida da asuba, ya wuni a kujera gaban kwamfuta, ya dawo bayan magariba, yaushe zai samu wannan? Idan wurin aiki bai ba shi dama ba, babu inda zai samu.

Japan ta daɗe a kan wannan hanya. Tun 1928 hukumar inshorar rai ta gidan waya a ƙasar ta ɓullo da motsa jiki ta rediyo, kuma har gobe tashar NHK tana watsa shi da sassafe. A masana'antu da wuraren gine-gine da dama, ma'aikata kan tsaya sahu kafin a fara aiki, a kunna kiɗan fiyano, a miƙa hannu, a sunkuya, a juya ƙugu, a ɗan yi tsalle. Kashi na farko bai wuce kamar minti 3 ba. Daga nan sai a shiga bayanin aikin ranar da gargaɗin kiyaye haɗari. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne babu gwani babu ɗan koyo. Injiniya da lebura motsi ɗaya suke yi, ba wanda ake kallo, ba wanda ake yi wa dariya, kuma ba don a nuna wa duniya ake yi ba.

A 2020 ma mun ga wani salon. Lokacin da annobar korona ta tsananta, rawar waƙar Jerusalema ta Afirka ta Kudu, wadda wasu matasa 'yan Angola suka fara yaɗawa, ta shiga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana a ƙasashe da yawa. Ma'aikatan jinya da suka kwana suna ganin mutuwa suka fito harabar asibiti suna taka ta. Babu mai hankalin da zai ce masu wasa suke yi. Numfashi suke nema.

To ina gizo ke saƙar? Mu koma gonar gayya. Ganga ba ta zuwa ita kaɗai. Mai gona yana tanadar fura da kunu da tuwo, mata su ɗauko su kai har bakin gona. Wanda ya zo, da ƙafarsa ya zo, ba a yanke wa kowa tara don ya ƙi. Kuma mai gonar da aka yi wa aiki yau, gobe shi ma zai saɓa garma ya tafi gonar wani. Kiɗan yana tafe ne a kan ciyarwa da son rai da ramuwar alheri. Idan aka cire waɗannan aka bar ganga kaɗai, abin da ya rage shi ne a sa mutum ya yi fara'ar da ba ta cikin zuciyarsa, kuma wannan ma aiki ne, aiki mai gajiyarwa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙonewar ƙarfin ma'aikaci, wato gajiyar da ke cinye masa kuzari da sha'awar aiki, cikin kundinta na cututtuka a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ta ce tushenta shi ne matsin aiki na tsawon lokaci da ba a magance ba. A lura, matsin aiki ta ce. Ba ta ce ƙarancin nishaɗi ba. A farkon 2024 kuma wani masani a Oxford, William Fleming, ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a wuraren aiki 233 na Birtaniya. Ya kwatanta waɗanda suka shiga shirye-shiryen kwantar da hankali da kamfanoni ke shiryawa, irin su horon jure matsi da darussan sarrafa damuwa da manhajojin waya, da waɗanda ba su shiga ba. Bai ga wata fa'ida a zo a gani ba. Ba rawa ya auna kai tsaye ba, amma darasin ya shafe ta: idan ana son ma'aikaci ya samu sauƙi, a duba yawan aikin da aka ɗora masa, da tsarin lokacinsa, da halin shugabansa.

A Najeriya ba ma buƙatar wani masani ya gaya mana wannan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai yana cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, kuma kowa ya san abin da wannan kuɗi ke saye a kasuwa. Akwai ma'aikatan kwantiragi da ke zaune tebur ɗaya da na dindindin, aiki ɗaya, albashi ba ɗaya ba. Akwai 'yan talla da aka ɗora wa adadin kuɗin da sai sun kawo kafin ƙarshen wata ko su rasa aiki. Mutumin da ke cikin wannan hali ka kawo masa lasifika ka ce ya girgiza damuwa ta fita, an bar jaki ana dukan taiki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tilas kuma tana kashe abin da ake nema. Sam Walton, wanda ya kafa shagunan Walmart, ya ga ma'aikatan wata masana'antar ƙwallon tanis a Koriya ta Kudu suna taken kamfani da motsa jiki a 1975, ya kai al'adar Amurka ta karɓu. Da kamfanin ya shiga Jamus a 1997 ya tafi da ita, ma'aikatan can suka ji abin bambaraƙwai. Ba wannan kaɗai ya sa ya tattara ya bar ƙasar a 2006 ba, amma yana cikin misalan da ake bayarwa na rashin fahimtar mutanen da ka tarar. A Faransa abin har kotu ya kai. Wani kamfani a Faris ya kori ma'aikacinsa a 2015, cikin dalilan har da ƙin shiga shagulgulan da kamfanin ke kira al'adarsa ta nishaɗi, waɗanda suka haɗa da shaye-shaye. A watan Nuwamban 2022 kotun ƙoli ta ƙasar ta ce mutumin yana da 'yancin ƙin shiga.

Mu a nan lamarin ya fi haka nauyi, saboda kunya da addini. Akwai dattijon da ya yi shekara talatin yana aiki, wanda ko a bikin 'yarsa ba zai yi rawa gaban yara ba. Ka ce ya fito gaban sa'o'in 'ya'yansa ya juya, ka zubar masa da girman da ya daɗe yana tarawa. Akwai matar aure da ba za ta yi rawa gaban mazan da ba muharramanta ba. Akwai wanda ya bi fahimtar malaman da ke ganin kiɗa bai halatta ba, kuma ko manaja ya yarda da wannan fahimta ko bai yarda ba, ba hurumin ofis ba ne ya hukunta shi a kanta. Ga mai juna biyu, ga mai ciwon gwiwa, ga wanda aka yi wa rasuwa makon jiya. Duk waɗannan idan suka zauna gefe, sai a fara yi masu kallon masu girman kai. Shirin da aka kawo don haɗa kai sai ya raba ofis gida biyu, 'yan gaban goshi da sauran.

Kyamarar ita ce ta fi damuna. Da zarar an ɗaga waya, rawar ta tashi daga ta ma'aikata ta koma tallan kamfani, kuma ba a biya kowa kuɗin talla ba. Bidiyon da ya hau intanet ba ya saukowa. Manajan zai iya samun canjin wurin aiki baɗi, ita kuwa yarinyar da ke sahun gaba za ta ci gaba da amsa tambayoyi a gidan miji da cikin unguwa.

Shugaban da ke son yin abin da gaskiya, hanya a buɗe take. Ya sa shi cikin lokacin aiki da ake biya, ya rage wani abu daga aikin ranar, kada ya ci lokacin sallah ko na abinci. Kada a rubuta sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba. Mata su samu wurinsu su kaɗai idan haka suka fi so, kamar yadda iyayenmu mata ke kiɗan ƙwarya a cikin gida babu namiji ko ɗaya. Wanda ba ya son kiɗa a ba shi miƙa jiki irin na Japan, ko tattaki, ko ƙwallo da yamma. Kafin duk wannan kuma, ya tambayi ma'aikatansa a takarda marar suna abin da ya fi ci masu tuwo a ƙwarya. Ya shirya jin cewa motar ɗaukar ma'aikata suke so, ko a daina kiran taro ƙarfe biyar na yamma.

Bayan wasu watanni na sake tambayar ƙanwata labarin rawar ofis. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai ta oga ta mutu tun tuni, tamu ce ke tafiya." Ashe duk ranar Alhamis bayan azahar, su mata biyar sukan shiga ɗakin ajiyar takardu su turo ƙofa, ɗaya ta kunna kiɗan biki a waya, su taka na minti biyar su fito. Mai share ofishin ce ke jan gaba, don duk ta fi su iyawa. Ta ce a wannan ɗaki ta fara sanin cewa mai karɓar kuɗinsu, wadda suka shekara biyu suna gaisawa sama-sama, tana jinyar mahaifiyarta ita kaɗai, kuma tun daga ranar suke karɓa-karɓa wajen riƙe mata tebur idan za ta asibiti.