Sa hannun dijital a kan kwalin magani: abin da zai kama da abin da zai kuɓuce masa

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magunguna goma da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki jabu ne ko kuma marar inganci. Tun daga lokacin ake ta ƙara kiran a buga wa kowane kwalin magani lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake karantawa da kyamarar waya, mai ɗauke da sa hannun dijital. Ina goyon bayan wannan kira, amma yadda wasu ke tallata shi kamar shi kaɗai zai rufe kasuwar jabu yana buƙatar gyara.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Kamfanin da ya haɗa maganin yana da mabuɗai biyu na lissafi, ɗaya na sirri wanda ba ya barin hannunsa, ɗaya kuma na fili wanda kowa zai iya samu. Da na sirrin yake hatimce bayanan kwalin, wato sunan maganin da lambar rukunin da aka haɗa shi a ciki da ranar da zai daina aiki, sannan a buga bayanan tare da hatimin a cikin lambar. Manhajar da ke wayar mai saye tana amfani da mabuɗin fili ta duba ko hatimin ya dace, kuma idan aka sauya ko da harafi ɗaya, misali aka tsawaita ranar ƙarewa, hatimin ba zai dace ba. Babban alfanun shi ne ba sai da intanet ba. Tsarin da Tarayyar Turai ta wajabta tun 9 ga Fabrairun 2019 ya dogara ne ga tambayar rumbun bayanai a duk lokacin da za a miƙa magani, abin da ba ya yiwuwa a inda sadarwa ke yankewa. An kuma riga an jarraba dabarar sa hannun a babban mataki, domin da ita aka yi takardun shaidar rigakafin korona na Turai a 2021.

Sai dai sa hannun yana shaida bayanan da aka rubuta ne, ba ya shaida abin da ke cikin kwalin. Mai haɗa jabu ba zai iya ƙirƙiro sabuwar lamba ba, amma ba ya buƙatar hakan: zai sayi kwali ɗaya na gaske, ya ɗauki hoton lambar, ya buga ta a kan kwalaye dubu, kuma wayar da ba ta haɗe da intanet za ta amince da kowannensu. Wannan ce ƙofar da masu tallar fasahar suka fi saurin tsallakewa. Ba a toshe ta sai kowane kwali ya samu lambarsa shi kaɗai, kuma a riƙa soke ta a rumbun bayanai da zarar an sayar, ta yadda bayyanarta karo na biyu za ta tona asiri. Turkiyya ta bi wannan hanya ta bin sawun kwali ɗaya-ɗaya tun 2010. Ke nan rumbun da aka so a guje masa ya dawo, ko da sai wayar ta samu sadarwa daga baya za ta aika abin da ta gani.

Akwai kuma batun mabuɗin kansa. A Oktoban 2021 an ga takardun korona na bogi masu sa hannu ingantacce, har da wadda ke ɗauke da sunan Adolf Hitler, abin da ke nuna cewa wanda bai cancanta ba ya samu hanyar sa hannu da mabuɗin sirri na gaske. Saboda haka dole hukumar kula da magunguna ta kowace ƙasa ta riƙe rajistar mabuɗan fili, ta kuma iya soke na duk kamfanin da aka yi wa kutse cikin gaggawa. Barin kowane kamfani da manhajarsa kuskure ne, domin ɗan damfara ma zai iya fitar da tasa manhajar da za ta ce wa jabunsa "ingantacce".

Abin da ya fi damuna shi ne magani marar inganci da ya fito daga masana'anta mai rajista. Maganin tari na ruwa da aka alaƙanta da mutuwar yara kimanin 70 a Gambiya a 2022, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an samu sinadarai masu guba, diethylene glycol da ethylene glycol, a cikinsa, ba kwaikwayon wani aka yi ba. Da yana da sa hannun dijital, da ya wuce binciken waya lafiya lau. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke kama irin wannan.

Haka nan, a wurare da yawa marar lafiya ba ya sayen kwali sukutum, kati ɗaya ko ƙwayoyi kaɗan ake ciro masa, lambar kuwa tana jikin kwalin da bai taɓa gani ba. Duk dokar da za a kafa ya kamata ta wajabta buga lambar har a kan katin, ta kuma ɗora nauyin dubawa a kan dillalai da masu kemis kafin maganin ya kai hannun marar lafiya. Kuɗin da za a kashe wa fasahar kuma kada a zaftare shi daga kasafin gwajin samfura da sintirin kasuwanni.